Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan sadarwar jirage a saman teku

Nijar ba ta da teku, amma a nan Yamai ne makarantar EAMAC ta ASECNA, hukumar kiyaye zirga-zirgar sama ta ƙasashen Afirka da dama, ke horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma cikinku akwai waɗanda aiki zai kai su Dakar, inda ake lura da jiragen da ke ratsa Tekun Atlantika zuwa Brazil. Ƙannena, ku gyara waɗannan tun kuna aji.

Da yawa suna ɗauka rediyon VHF, wanda matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgin Diori Hamani da shi, zai bi jirgi ko'ina. Ba ya bi. Miƙe yake tafiya, kuma ko jirgi ya yi sama sosai, bayan kamar kilomita 400 doron ƙasa ya tare shi. Daga nan sai rediyon HF, wanda saƙonsa ke haurawa sararin sama ya dawo ƙasa. Shi ma da sharaɗinsa: da rana ana hawa zango na sama (zango shi ne lambar da ake kama rediyo a kanta), da dare a sauko ƙasa. Wanda ya manne wa zango guda zai yi ta kira ba amsa, har ya zargi na'ura. Ku rubuta zango biyu kafin jirgi ya bar gaɓar teku, ku kuma gwada SELCAL, ƙararrawar nan mai haruffa 4 da ke sanar da matuƙi ana nemansa ba sai ya kwana yana sauraron shuuu ba.

CPDLC, wato rubutaccen saƙo tsakanin matuƙi da mai kula da jirage ta tauraron ɗan adam, ya kawo sauƙi, sai dai ana yawan tuntuɓe wurin shiga, wato haɗa na'urar jirgi da ta cibiyar da ke ƙasa. Lambar shiga ta Dakar GOOO ce, ta Yamai DRRR. In sunan jirgi ya saɓa da na takardar shirin tafiya ko da harafi ɗaya, ba za a haɗu ba.

Hira tsakanin matuƙa a tsakiyar teku kuwa, wurinta zangon VHF na 123.45. A bar 121.5 don gaggawa.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar shiru a matsayin lafiya. Ranar 1 ga Yuni 2009 jirgin Air France 447 daga Rio zuwa Paris ya faɗa teku da mutum 228. Bai taɓa samun magana da Dakar ba, kuma sai da aka shafe sa'o'i kafin a tashi nemansa, domin an saba HF ya ɗauke. In lokacin rahoton jirgi ya wuce, kada ka zauna jira. Buga SELCAL, gwada ɗaya zangon, kira cibiyar da ta miƙo maka shi, ka roƙi wani jirgin da ke kusa ya kira shi ta 121.5. In duk an yi ba labari, ka sanar da masu ceto bisa ƙa'ida, ko da daga baya jirgin zai amsa.