Yadda za a koya wa yaro sarrafa jakarsa kafin ya fara naziri

Yaron da zai shiga makarantar naziri, wanda galibi shekarunsa 3 ne ko 4, yana matuƙar buƙatar ya iya buɗe jakarsa, ya ciro abin da yake so, ya mayar da shi, sannan ya rufe ta da kansa. Dalili kuwa shi ne malama ɗaya ce take kula da yara masu yawa, kuma idan lokacin cin abinci ya yi ba za ta iya kai wa ga kowa a lokaci guda ba. Yaron da zik ya gagare shi sai ya zauna yana kallon 'yan ajinsu suna ci, wani ma kunya ta hana shi magana.

Ku fara da zaɓen jakar da ta dace da jikinsa, wadda ba ta fi bayansa faɗi ba, ba ta kuma sauka ƙasa da ƙugunsa. Likitocin yara kan ba da shawarar kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro, wato mai kilo 15 bai kamata ya goya abin da ya haura kilo 2 ba, alhali rabin lita na ruwa kaɗai rabin kilo ne. Ku saba masa da rataya ta a kafaɗu biyu, domin rataya a kafaɗa ɗaya yana karkatar da jiki.

Inda ya fi cancantar ku ɓata lokaci shi ne wajen zik da murafe, kuma ya kamata a soma mako 2 ko 3 kafin a buɗe makaranta, a lokacin da babu mai sauri. Ku zauna kusa da shi ku nuna masa yadda hannu ɗaya yake riƙe bakin jakar yayin da ɗayan yake ja, domin yawancin yara da hannu ɗaya suke fizga, sai jakar ta biyo su, zik ɗin kuma bai motsa ba. Idan kan zik ɗin ya yi wa yatsunsa ƙanƙanta, ku ɗaura masa ɗan ƙyalle ko zoben makulli. Haka nan ya gwada murfin gorar ruwa da na kwanon abinci, kuma duk wanda ya ci gaba da gagararsa bayan kwanaki, a ganina gara a sauya shi tun a gida. Abu mafi wuya ga iyaye a nan shi ne janye hannu: idan ya kakare, ku ba shi ɗan lokaci, ku gaya masa abin da zai yi da baki, kada ku karɓe.

Kowane abu ya sami mazauninsa wanda ba ya canzawa. Kayan canji su zauna a ƙasa cikin leda, abu mai nauyi ya jingina da ɓangaren da ke taɓa baya, gora kuma ta tsaya a aljihun gefe don kada ta jiƙa komai. Tun da bai iya karatu ba, ku zana masa hotunan kayan a takarda, ya riƙa dubawa yana sakawa. Sunansa a cikin jakar ya kamata a rubuta, don kada baƙo ya karanta ya kira shi kamar ya san shi. A waje kuwa wata alama mai launi ta isa ya gane tasa.

Daga nan sai ku haɗa matakan su zama wasa: ya goya jakar, ya taka zuwa wani ɗaki, ya rataye ta, ya ci abincinsa, ya rufe kwanon, ya dawo ya fitar da abin wanki. Shirya jaka kuwa da dare za a riƙa yi, a ajiye ta wuri ɗaya da hannunsa zai iya kaiwa, da safe abinci da ruwa kawai za a ƙara.