Yadda na kashe tsatsar ƙarƙashin motata

Motar ta Kwatano ce, daga Kanada aka kawo ta, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan ne ya fara cin ƙasanta, damina ta ƙarasa. Alamar farko, fentin bakin tayar baya ya kumbura, da na danna da sukundireba sai ya burme.

Mai gyaran bodi ya so ya shafe wurin da fila kawai, wato ƙullun da ake cike ramin jikin mota da shi kafin fenti. Na ƙi, domin tsatsa na ci gaba da aikinta a ƙarƙashin fila. Inda ya huje aka yanke, aka yi waldar sabon ƙarfe. Sauran muka kankare da burushin waya da samfefa har ƙarfen ya yi fari, muka shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙa ƙirin. Da ya bushe sarai aka sa jan fentin share fage, sannan baƙin fenti mai kauri.

Ramukan fitar ruwa na gindin ƙofofi kuwa duk laka ta toshe su, da ƴar waya na buɗe. Yanzu in na shiga taɓo, sai an wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi. Baƙin mai da wasu ke fesawa ban yarda da shi ba, yana lalata roba.