Shawarwari ga matuƙan jirgi sababbin zuwa Amurka masu neman aiki a kamfanonin jiragen haɗin gwiwa

Matuƙin jirgin sama da ya baro Kano ko Abuja ko Yamai ya sauka Amurka da niyyar ci gaba da sana'arsa, galibi hankalinsa yakan tafi kan manyan kamfanonin jigilar fasinja irin su Delta da United, alhali akwai wani ɓangare na harkar da ke ɗaukar matuƙa masu yawa, wato kamfanonin da ke tafiyar da ƙananan jirage mallakar haɗin gwiwa. Tsarin ya yi kama da watanda: attajirai da kamfanoni su haɗa kuɗi a kan jirgi guda, kowa ya sayi rabonsa, sai dai abin da ake rabawa a nan shi ne sa'o'in tashi. Ana lissafa wa jirgi sa'o'i 800 a shekara, don haka wanda ya sayi kashi ɗaya cikin 16 yana da sa'o'i 50, kuma duk lokacin da ya kira sai kamfanin ya aiko masa da jirgi irin nasa tare da matuƙa biyu. Richard Santulli ne ya ƙirƙiro tsarin a 1986 a kamfanin da aka sani yau da NetJets, mai hedikwata a Kolumbus ta jihar Ohayo, wanda Berkshire Hathaway ya saya a 1998. Bayansa akwai Flexjet, wanda aka kafa a 1995 kuma yake zaune a yankin Kilibland, sai PlaneSense na jihar Niyu Hamsha mai amfani da jiragen Pilatus.

Abin da nake so sabon zuwa ya riƙe tun daga farko shi ne, a wannan ƙasa ana duba takardun matuƙi kafin a duba iya tuƙinsa, kuma na farko a cikinsu shi ne izinin yin aiki. Waɗannan kamfanoni ba su saba nema wa baƙo biza ba, suna buƙatar ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin ko wani izinin aiki tabbatacce. Wanda ya shigo da bizar koyon tuƙi kada ya ɗauka cewa kammala makaranta zai buɗe masa wannan ƙofa, gara ya zauna da lauyan shige da fice tun bai kashe dukiyarsa a kan horo ba. Haka kuma za a tambayi fasfo mai sauran kwana, domin jiragen suna zuwa Kanada da Meziko da tsibiran Karibiyan, wani lokaci har Turai, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ya kamata ya binciki ƙasashen da ke buƙatar biza daga gare shi kafin a tambaye shi a wajen ganawa.

Lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ko ta Nijar (ANAC) ta bayar ba ya ba mutum damar tuƙa jirgin Amurka don albashi. Sai ya nemi na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, kuma matakin farko shi ne ya aika buƙata zuwa ofishinta da ke Oklahoma domin ta tuntuɓi hukumar ƙasarsa ta tabbatar da sahihancin lasisinsa. Takardar tabbatarwar tana aiki ne na wata shida, amma fitowarta ta dogara da saurin amsa daga gida, saboda haka yana da kyau a sami wani amintacce da zai riƙa bibiyar maganar a can. Wanda ya riga ya mallaki lasisin kasuwanci tare da shaidar tuƙi da na'urori (tuƙi bisa na'urorin jirgi kaɗai idan ba a ganin waje), ko daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya samo shi ko daga Ilori ko Afirka ta Kudu, doka ta yarda ya nemi babban lasisin da ake kira ATP kai tsaye idan sa'o'insa sun cika. Sharuɗɗan su ne shekara 23 da haihuwa, da sa'o'i 1,500 na tashi, a cikinsu 500 na tafiya mai nisa, 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori, 50 kuma a jirgi mai inji fiye da ɗaya. Kafin jarrabawar rubutu dole ne ya yi kwas ɗin share fagen lasisin, wato ATP-CTP, sa'o'i 30 a aji da 10 a na'urar kwaikwayon tuƙi, sharaɗin da ya biyo bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Bafalo a 2009, wanda ya ci rayuka 50.

Dokar FAA da ke kula da jiragen haɗin gwiwa ta amince mataimakin matuƙi ya fara da sa'o'i 500, kyaftin kuma 1,500, amma manyan kamfanonin sun saba neman 1,500 da ATP ko cancantar samunsa har ga sabon mataimaki, kuma adadin da ke sa a kira mutum yana hawa da sauka gwargwadon yadda kasuwa take. Wanda sa'o'insa ba su kai ba yana iya farawa da koyar da tuƙi, ko da ƙaramin kamfanin haya, ko da kamfani irin PlaneSense da ke ɗaukar mataimaka da sa'o'i kaɗan a jirgin PC-12.

Littafin sa'o'in tashi shi ne inda na fi jin tsoro wa 'yan'uwanmu. Mai ganawa yakan buɗe littafin a gabanka, ya ɗora yatsa a kan jimillar wani shafi, ya juya ya ga ko ita ce aka ɗauko zuwa shafi na gaba, sannan ya kwatanta da abin da ka rubuta a takardar neman aiki. Idan ya ga sa'o'in da aka yi a kujerar mataimaki an zuba su a gurbin kyaftin, ko an goge wani layi da farin fenti babu bayani, to maganar takan mutu a nan ko da bai ce komai ba. Ya kamata a zauna a sake lissafa komai bisa ma'aunin FAA, domin yadda take ƙidaya tafiya mai nisa ya bambanta da na wasu ƙasashe, kuma a karɓo wasiƙar shaida mai hatimi daga kowane kamfani da aka yi wa aiki a gida tun yana nan, tunda mun sha ganin kamfanonin jirage suna rufewa har a rasa wanda zai sa hannu. Akwai kuma maganar suna, wadda ake rainawa. Idan fasfo ya ce Mohammed, lasisi ya ce Muhammad, takardar likita kuma ta sa sunan mahaifi a gaba, kwamfuta tana iya ɗaukarsu a matsayin mutum uku, kuma gyaran kan cinye makonni. A daidaita komai da rubutun fasfo kafin a tura takarda ko guda.

Shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya ana samunta ne daga likitan da FAA ta amince da shi, ana sabunta ta duk wata 12 ga wanda bai kai shekara 40 ba, duk wata shida ga wanda ya kai. Hawan jini da ake kula da shi ba ya hana aiki a mafi yawan lokuta, amma ɓoye ciwo ko magani a fom ɗin laifi ne a dokar tarayya. Ana gwajin ƙwaya kafin a ɗauki mutum, ana kuma ci gaba da yi ba zato ba tsammani, don haka magungunan ciwon jiki ko na tari da aka zo da su daga gida, da kayan gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba, a nuna wa likita kafin a sha. FAA tana da ma'ajiyar bayanan matuƙa inda kowane kamfani ke ganin jarrabawar da mutum ya taɓa faɗuwa, ana kuma duba tarihin tuƙin motarsa. Faɗuwa sau ɗaya ba ta kashe fata idan mutum ya faɗa da bakinsa ya bayyana abin da ya gyara.

A wajen ganawa akwai tambayoyin fasaha, akwai kuma na mu'amala, kuma na biyun sun fi nauyi a nan fiye da yadda baƙo ke zato. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai a gaban babba da rage magana, abin da muke ɗauka ladabi, amma Ba'amurke mai ganawa yana iya fassara shi da rashin gaba gaɗi. Za su so su ji labarin ranar da ka ga kyaftin zai yi kuskure ka faɗa masa, da yadda za ka shaida wa attajirin da ya biya miliyoyin daloli cewa yanayi bai yarda a sauka inda yake so ba. A ganina wannan darasi ne mai kyau da ya kamata mu karɓa hannu bibbiyu, domin mataimakin da kunya ta hana shi magana a cikin jirgi ya bar aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne, har da mai katin zama na dindindin, sai hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta ɗauki hoton yatsunsa ta tantance shi kafin a fara ba shi horo a kan sabon jirgi, kuma wannan yana iya jinkirta ranar shiga ajinsa idan bai nema da wuri ba. Horon kansa yana farawa da kwanakin sanin dokokin kamfani, daga nan a tura mutum cibiyar horo irin ta FlightSafety ko CAE domin ya koyi jirgin da aka ba shi, wanda ga sabon ɗauka yakan zama Phenom 300 ko Citation Latitude ko makamancinsu, kuma yawanci buƙatar kamfani ce ke zaɓa masa. Ana sa ran zai iso da iyakokin jirgin da matakan gaggawa a haddace. Zaman na'urar kwaikwayo yakan ɗauki sa'o'i huɗu, wani lokaci da tsakar dare, shi da abokin horonsa suna musayar kujera, malami yana bayansu yana kashe musu inji ɗaya daidai lokacin da jirgi zai bar ƙasa, ko ya rufe filin da hazo. Bayan cin jarrabawa sai ya yi tashi na gaske tare da kyaftin mai horarwa har a gamsu da shi.

Rayuwar aikin ta bambanta da ta kamfanonin fasinja. Jadawalin da aka fi sani shi ne kwana bakwai a aiki, bakwai a gida, wasu kuma takwas da shida, kuma matuƙi yana iya zama a garin da ya zaɓa daga jerin da kamfani ya yarda, a saya masa tikiti zuwa inda jirginsa yake. Ranar aiki tana iya kaiwa sa'o'i 14, kuma da safe yana iya tashi daga Tetaboro kusa da Niyu Yok, da yamma ya sauka Asfen a tsakiyar duwatsun Kolorado, bai san inda zai kwana gobe ba. A ƙananan jirage babu ma'aikacin kula da fasinja, don haka matuƙan ne ke loda akwatuna, su share kujeru, su duba banɗaki, su jera abinci da abin sha, wanda ya haɗa da barasa, kuma masu jirgi sukan zo da karnukansu. Musulmi ya kamata ya san wannan tun kafin ya sa hannu, ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya yanke shawararsa. Sallah ba ta gagara, ga sauƙin kasaru da haɗawa ga matafiyi, kuma ƙananan tashoshin da jiragen ke tsayawa suna da ɗakin hutun matuƙa. Azumi kuwa ya fi kyau a tsara hutu a kansa tun farkon shekara. Mai iyali ya tuna cewa uwargida da yara, su ma baƙi ne, za su yi mako guda ba tare da shi ba, saboda haka zaɓen gari mai masallaci da jama'ar gida yana cikin tsarin aikin.

Kafin a sa hannu a karanta ko akwai yarjejeniyar biyan kuɗin horo idan aka bar aiki da wuri, domin wasu kamfanoni suna da ita, a kuma tambayi tsawon lokacin gwaji, wanda yakan kai shekara guda. A kamfani irin NetJets, inda matuƙa ke da ƙungiyar ƙwadago ta NJASAP, ranar da mutum ya shiga aji ita ke ba shi lambarsa a jerin ma'aikata, kuma da wannan lamba ake zaɓen jadawali da hutu da sauya jirgi da hawa kujerar kyaftin. Idan aka ba mutum ranar farawa ya ɗage ta da wata biyu domin wani uzuri da zai iya jira, duk waɗanda suka shiga a tsakanin sun wuce gabansa a jerin har ranar da zai bar kamfanin.