Yadda za ka ɗaure karatunka da ƙamshi kar ya gudu

Ranar nan ina cikin danfo, motar hayar nan ta Legas, daga Agege zuwa Oshodi, ga cunkoso ga hayaƙi, sai wata baiwar Allah ta shigo tana ƙamshin humra, wallahi nan take na ganni a ɗakin kakata a Zariya ina ɗan shekara bakwai, har tabarmar da nake zaune a kai sai da na gani. Ba aljanu ba ne jama'a, aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma ɗalibi zai iya cin moriyarsa.

Abin da ido ya gani ko kunne ya ji sai ya fara yada zango a wata tasha cikin ƙwaƙwalwa mai suna talamus, shi ko ƙamshi ba ruwansa da bin layi, daga hanci yake zarcewa wajen amigdala mai kula da tsoro da shauƙi, ga kuma hipokampus a maƙwabta, inda ake ɗaure sabon abin da mutum ya koya. Shi ya sa ƙamshi yake tuno maka da mutum da wurin da abin ya faru da komai.

To ka samo ƙamshin da hancinka bai saba da shi ba. Ba turaren da kake shafawa duk Juma'a ba, wannan tuni an yi masa miji. Leƙa wajen masu kayan yaji a kasuwar Mile 12 ka sayi kanumfari, ko ƴar kwalbar turaren mai, ka keɓe shi ga darasi ɗaya tak.

In ka zauna karatu ka buɗe ka shaƙa, ka rufe, can anjima ka sake. Kar ka bar shi buɗe, hanci saurin sabo gare shi, cikin ƴan mintuna ka daina ji, tambayi mahautan kwatar Oko-Oba ko suna jin ƙarnin da ke korar baƙo.

Sai barci, nan ne ni abin ya fi burge ni. A 2007 a Lubek ta ƙasar Jamus an sa mutane haddace wuraren katuna ana busa musu ƙamshin fure, da suka yi nisa cikin barci mai nauyi aka sake busa musu, washegari suka fi tunawa. Da aka busa lokacin barcin mafarki kuwa bai ƙara komai ba. Don haka ka ƙulle kanumfarin a hankici ka ajiye gefen filo. Don Allah banda garwashin turaren wuta a ɗaki rufe, balle irin ɗakunan Legas da taga ɗaya.

Ranar jarrabawa, ko JAMB ce ko WAEC, ɗan shafa a wuyan hannu kafin ka shiga, kar ka cika har na kusa da kai ya fara atishawa. Amma fa shafin da ba ka karanta ba kanumfari ba zai kawo maka shi ba. In ka gama da wannan darasin ka canza ƙamshi, na gaba ka gwada ɓawon lemu.