Yadda ake sauya fomika da fallen katako a cikin ɗakin da mota ke ja

Duk wanda ya mallaki irin ɗakin nan mai ƙafafu da ake ɗaura wa mota a baya, wanda ake kira karaban, ya san yadda zafin Yamai yake cin fomikar da ke jikin kabad da ƙofofinsa. Fomika takarda ce da aka jiƙa da roba aka danne da zafi, kuma tun 1913 ake sana'arta a Amurka, amma idan ta tsage sosai babu gyara sai a ɓare ta gaba ɗaya. Fallen katako kuwa, wanda da Faransanci ake ce wa plakaj, itace ne na gaskiya da aka yanko siriri, kaurinsa bai cika wuce milimita 0.6 ba, saboda haka ba ya ƙara wa ɗakin nauyi, kuma idan ya ƙarje ana iya goge shi a sake shafa masa banish. A ganina ya fi fomika kyau nesa ba kusa ba, sai dai yana da rai irin na itace: yana takurewa da hunturu, yana kumbura da damina, kuma duk aikin ya rataya ne a kan sanin wannan.

Da farko a zaɓi falle. Itacen sapele da na maɗaci suna ba da ja mai duhu, okume na Gabon ya fi haske. Idan an shiga kasuwar Katako ko wajen masu kayan kafintoci, a nemi wanda aka manna wa takarda a bayansa, domin shi ne ya fi jure lanƙwasa da girgizar hanya irin ta Yamai zuwa Tahoua ta Dosso da Ƙonni. A warware shi, a shimfiɗa shi cikin ɗakin a danne da allo na tsawon kwana 2 kafin a taɓa shi da wuƙa, don ya saba da iskar wurin da zai zauna.

Sai ɓare tsohuwar fomika. A kwance ƙofofi da mariƙai, a rubuta wa kowace lamba a baya. A ɗora dutsen guga mai zafi a gefe ɗaya har gam ɗin ya saki, a cusa wuƙar fenti a ɗaga a hankali. Allon da ke ƙarƙashi siriri ne ƙwarai, don haka gaggawa tana iya ɓare masa fata. A kankare ragowar gam, a cike ramuka, a goge da takardar yashi mai lamba 120. Duk ƙwayar yashin da ta rage za ta fito a fuskar falle kamar ƙurji, kuma ƙurar Yamai ba ta jira a gayyace ta, saboda haka a share da ɗanyen tsumma a bari ya bushe.

Mannawa ita ce gundarin aikin. A yanka falle ya zarce allon da santimita 1 a kowane gefe, zanen itacen yana bin tsawon ƙofa. A shafa gam irin na neyofiren a fuskar allo da bayan falle, a shafa wa allon sau biyu domin yana sha, sannan a jira kamar minti 15 zuwa 20 har ya daina kama yatsa. Wannan gam da zarar ya haɗu ba ya komawa baya, shi ya sa kafintoci suke jera siraran sanduna a kan allo, su ɗora falle a sama su daidaita shi, sa'an nan su riƙa zare sandunan ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya. A danne da guntun katako mai santsin baki, da ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, ana bin zanen itacen. A yi wannan da sassafe, a buɗe tagogi, a nisanta wuta da taba, domin tururin gam ɗin yana kamawa da wuta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gam yana bushewa kafin a gama shafa shi, don haka na fi son a yi aikin a watan Nuwamba ko Disamba.

Akwai kuskuren da ya fi kowane yawa: manna falle a fuska ɗaya ta ƙofa a bar bayanta. Ƙofar da aka yi wa haka za ta lanƙwashe cikin damina ɗaya. A manna falle mai araha a bayan ƙofar, kuma a rufe gefuna da siririn falle.

Bayan kwana 1 ko 2 a datse abin da ya zarce da wuƙa mai kaifi, a goge da hannu da takardar yashi mai lamba 220, sama-sama kawai, domin inji yana iya huda falle nan take. A shafa banish sau uku, shafin farko ya kasance siriri don kada ya ratsa ya narkar da gam, kuma a shafa har baya da gefuna. Teburin girki da kewayen wurin wanke-wanke kuwa a bar musu fomikarsu, domin tukunya mai zafi da ruwan da ya kwana ba sa barin falle lafiya.