Idan babba ya fara in'ina rana tsaka

'Yan uwa, don Allah mu kula. Mutumin da ya girma yana magana daram, sai wata safiya harshensa ya sarƙe ko kalma ta ƙi fitowa, kada a tsaya cewa iska ce ko sammu. Sau da yawa alamar shanyewar ɓarin jiki ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Ku sa shi ya yi murmushi, ku duba ko baki ya karkace. Ya ɗaga hannu biyu, ku ga ko ɗaya na zubewa. Ko alama ɗaya kuka gani, ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku nufi babban asibiti, Garwa, Marwa ko Njamena, wanda ya fi kusa. Maganin narkar da gudan jinin da ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, cikin awa 4 da rabi kacal daga fara abin ake bayar da shi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a hanya, zai iya shaƙewa.

Buguwar kai a haɗarin babur, wasu magunguna da mummunar firgita ma suna kawo in'ina, don haka ku tafi da kwalayen magungunansa. A gida kuwa, a bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa.