Yadda Matasa Za Su Kafa Ƙungiyar Jita Su Tsara Waƙoƙin Kansu

A ƙasashen da ake jin Hausa, babu garin da kiɗan jitar lantarki ya zauna da gindinsa kamar Agadas, inda da wuya a yi biki ko suna na a zo a gani ba a jera lasifika a ƙofar gida an kira samari masu jita ba. Daga wannan yanki ne Bombino ya fito, a Agadas kuma Mdou Moctar ya yi zama, har duniya ta san su da kiɗan rok na hamada, kuma Mdou Moctar da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda 'yan uwa suka kafa a 1995, a gidajen biki ta yi ƙarfi. Saboda haka rashin kaya masu tsada ba shi ne yake hana sabuwar ƙungiya tashi ba. Abin da ya fi rusa ta shi ne kowa ya zo da nufin a ji shi, babu wanda ya zo da nufin ya ji ɗan uwansa.

Mutum huɗu sun isa: mai ganga, mai jitar bas, mai jitar rakiya, da mai jitar gaba, wanda sau da yawa shi ne yake rera waƙa. Ku fara neman mai ganga kafin kowa, domin masu son riƙe jitar gaba sun fi a ƙirga, amma yaron da zai riƙe bugu ɗaya na minti bakwai bai yi gudu ba bai kuma ja ƙafa ba, samunsa sai an tona. Idan babu kuɗin sayen jerin ganguna, ƙwarya a kife ko ganga guda ta wadatar a watannin farko. Mai bas kuwa ya tsaya kusa da mai ganga, idonsa a kan ƙafarsa ko hannunsa, domin su biyun ne harsashin ginin, kuma masu rawa su suke bi ko da ba su sani ba.

Kafin a taɓa kowace waƙa, a saita tsirkiyoyi. Saitin da aka saba da shi, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, wato E, A, D, G, B, E a wurin waɗanda suka koya da haruffa, kuma akwai manhajojin waya na kyauta da suke auna wannan a kan ma'aunin 440, wato saitin muryar La da aka saba da shi. Kowa ya yi amfani da manhaja ɗaya. Yanayinmu ba ya raga wa jita: hunturu yana busar da katako har wuyanta ya ɗan karkace, ƙura tana shiga maɓallan ƙara sauti su riƙa ƙarar tsatsa, gumin hannu kuma yana cinye tsirkiya. A goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, a mayar da ita jakarta, kada kuma a bar ta cikin mota a rana.

Atisaye ya fi amfani idan an tsayar masa da rana da lokaci, ko da sau biyu ne a mako, kuma a sanar da maƙwabta da mai unguwa tun farko, a dakata idan an kira salla. Kuskuren da kusan kowace sabuwar ƙungiya take yi shi ne tseren ƙara sauti: mai jitar gaba ya murɗa nasa, mai rakiya ya ga an danne shi ya murɗa, mai ganga ya ƙara ƙarfin hannu, kafin a ankara mawaƙi yana ihu muryarsa ta dishe. Dokar da nake ba da shawara a bi ita ce, idan ba a jin kalmomin mawaƙi daga bakin ƙofa, kowa ya rage. A ajiye waya a tsakiyar ɗaki ta naɗi duk abin da aka kaɗa, sa'an nan a zauna a saurara tare. Zaman yana da ɗaci, domin a nan ne mai ganga yake jin yadda ya fara a hankali ya ƙare a guje, amma babu malamin da ya fi wannan naɗin faɗin gaskiya.

Tsara waƙa ne ya fi buƙatar natsuwa. Yawancin waƙoƙin irin wannan kiɗa daga ɗan gajeren zagaye na jita suke tsirowa, wanda ake maimaitawa har ya kama jiki, kuma galibi a kan muryoyi biyar ake gina shi, irin tsanin da kunnenmu ya saba da shi a gurmi da molo da garaya. Kada ku raina ƙanƙantar zagayen. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe jama'a shekara da shekaru. Wanda ya samo zagaye ya kawo shi ɗaki, mai ganga ya gwada masa bugu iri biyu, na huɗu-huɗu irin na rok da kuma mai rausaya na shida irin na takamba, kiɗan rawar gargajiya na Abzinawa da Songhai, a ga wanda ya fi zama da shi. Sai an sami wannan ne za a nemi amshi, kuma amshi ya riga baitoci zuwa, domin shi ne abin da 'yan biki za su tafi da shi gida. Idan ƙanen wani daga cikinku da yake leƙe ta taga bai iya rera amshin ba bayan ya ji shi sau uku, ya yi tsawo ko ya yi sarƙaƙiya.

A nan ne Hausa take da nata sharaɗi, wanda masu kwaikwayon waƙoƙin waje suke yawan takewa. Harshenmu yana bambanta gaɓa mai tsawo da gajera, yana kuma bambanta hawa da saukar murya. Idan kiɗa ya tilasta wa mawaƙi ya ja gaɓar farko ta “gari” alhali birni yake nufi, mai sauraro zai ji garin tuwo. Haka “kuka” na hawaye, wanda muryarsa take tsaye a sama, idan aka sauke ƙarshensa ya koma bishiyar da ake miya da ganyenta. Maganin wannan shi ne mawaƙi ya faɗi layin da bakinsa kamar yana magana, ya tafa hannu a kan gaɓoɓin, sa'an nan ya ɗora karin waƙa a kan yadda maganar ta hau ta sauka. Inda kalma ta ƙi zama, a sauya kalmar ko a sauya kiɗan, kada a murɗe mata wuya. Amsa-amo yana ƙawata baiti, amma na sha jin baitin da aka cusa masa kalmar da ba ta da aiki don kawai ƙarshensa ya yi daidai da na sama, kuma jama'a suna gane hakan nan take.

Game da abin da za a faɗa, ku ɗauko daga abin da kuka gani da idonku: abokin da ya tafi haƙar zinariya ya daina kira, layin ruwa da asuba, budurwar da aka yi wa baiko da wani. Baiti ɗaya da ya ambaci buta da tabarma da sunan unguwa ya fi goma da suke ta maimaita cewa so yana da zafi. Inda 'yan ƙungiya suke da harsuna daban-daban, kamar Hausa da Tamashek ko Zabarmanci, babu laifi a raba baitoci, muddin amshi ya tsaya a harshen da mafi yawan masu sauraro suke ji.

Bayan waƙa ta tsaya, a shirya mata shiga da fita. Ba dole ne kowa ya yi kiɗa daga farko har ƙarshe ba. Idan jitar rakiya ta yi shiru a baiti na biyu ta dawo a amshi, dawowar tata tana da armashi. Mai jitar gaba ya san iyakar gudunsa, wato inda aka bar masa fili ya nuna gwaninta, a kuma yarda da alama guda, ɗaga wuyan jita ko kallon mai ganga, wadda take nufin saura zagaye biyu a tsaya.

Maganar kuɗi da mallaka a yi ta tun ana dariya. A rubuta a littafi wanda ya kawo kiɗa da wanda ya rubuta kalmomi, a amince da yadda za a raba kuɗin wasa da na liƙi, a kuma ware kaso don tsirkiyoyi da gyaran kaya. A Nijar, ofishin BNDA ne yake rajistar haƙƙin mawaƙa.

Ranar wasan farko, ku isa da wuri ku duba wutar da kanku. Idan janareta ne, a kunna shi ya daidaita kafin a jona kaya, a sa sitabilaiza a tsakani, a kunna amfilifaya daga ƙarshe, ita kuma za a fara kashewa. Kada kowa ya yi kiɗa ba takalmi, domin makirufo da jitar da aka jona a wutar da ba ta da wayar ƙasa suna iya jan leɓen mawaƙi. Mu a namu wasan na farko, siririyar tsirkiya ta tsinke a waƙa ta biyu, babu ta canji, sai da aka tura yaro a babur, mai ganga da mai bas suka riƙe fili su kaɗai kusan minti ashirin, mata suna ta rawa ba su ma lura ba. Tun daga ranar jakar kowannenmu ba ta rabuwa da tsirkiyoyi na ajiya, da wayar jita ta biyu, da filaya, da tocila.